LAFIYA UWAR JIKI: Ƙudan da ba ya koruwa

Akwai wani ƙuda wanda mafici ba ya korarsa, hayaƙi ma ba ya korarsa. Ba ya sauka bisa tuwo, ba ya cizo, ba ya kuka. Mutum guda ne ke ganinsa, domin cikin idonsa yake. A wannan wata filin lafiya zai yi magana bisa wannan ƙuda, da irin tsoron da yake sa wa matasa. Manoma da makiyaya su karanta a hankali, su kuma karanta wa waɗanda ba su shiga karatu ba tukuna.

ƊAN CIN RANI A MAURAI

Maurai tana cikin tsofaffin unguwannin Yamai. Tana tsakiyar gari, kusa da inda Ƙaramar Kasuwa take kafin gobara ta cinye ta a 2012. Unguwa ce ta ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu. Kowace shekara, in an gama girbi, ƴan cin rani suna sauka cikinta.

Cikinsu akwai wani saurayi mai shekara 24, daga wani ƙauye na ƙasar Dogon Dutsi. Ya sauka wurin kawunsa, wanda tela ne. Da rana yana bisa keken ɗinki, da dare yana zuwa ajin yaƙi da jahilci. An riga an yi masa baiko a gida. Nufinsa ya tara kuɗin aure, ya koma kafin shuka.

Wata rana da hantsi yana ɗinka farar shadda, sai ya ga wani baƙin abu ya gitta bisa yadin. Ya kai hannu ya kore shi. Abin ya matsa, ya sake dawowa. Ya murza ido, ya wanke da ruwa. Da ya ɗaga kai ya dubi sama, sai ya ga abin yana can yana iyo, har da wasu biyu masu kama da zaren gizo-gizo. Ya juya ido dama, suka bi shi. Ya juya hagu, suka bi shi. In ya so ya dube su sosai, sai su gudu gefe.

Nan take gabansa ya faɗi. Dalili kuwa, kakansa makaho ne. Tun yana ɗan shekara 7 shi ne mai ja masa sanda, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa kasuwa. Ya san yadda makaho ke laluben ƙwarya. Ya san yadda gonar kakan ta koma hannun wasu. Sai ya ce a ransa, abin gado ne, ga nasa ya zo tun da wuri.

ABIN DA ƁOYO YA JAWO

Saurayin bai gaya wa kowa ba. Yana tsoron labari ya kai ƙauye, iyayen yarinya su ce sun fasa. Wa zai ba makahon gobe ɗiyarsa?

Da farko ya je wurin wani mai tallar magani a bakin tasha. Aka sayar masa da ƴar kwalba ta ɗigawa, aka ce kwana 3 ya isa. Ya ɗiga har mako guda. Ido ya yi ja, yana ƙaiƙayi, ƙudan kuwa yana nan. Wata tsohuwa ta ba shi kwalli, ta ce na musamman ne. Wani abokin zama ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce ai wannan sammu ne, akwai mai neman yarinyar da ya yi masa jifa. Aka kai shi wurin wani mai duba. Kafin wata ya ƙare, jika 15 sun fita daga kuɗin aure.

Asarar kuɗi ita ce ƙarama. Yaro ya daina barci. Da asuba, kafin ya yi alwala, sai ya fita ya dubi sama ya ƙidaya ƙudajen. Ya rufe idon dama ya ƙidaya, ya rufe na hagu ya ƙidaya. A wuni guda yakan yi haka fiye da yadda zai iya lissafawa. Ya bar zuwa aji, domin bisa farar takarda abin ya fi fitowa. Ya bar hira da ƴan uwa. Da ya samu sarari sai ya shige ɗaki mai duhu ya kwanta. Abinci ba ya shiga. Rannan ya yanka yadin wani mai gida ba daidai ba, sai da kawun ya biya.

Da dare kawun ya kira shi bayan shago, ya ce: "Kai yaro, zauna nan. Uwarka amana ta ba ni. Kwana nawa ke nan ba ka gama tuwonka. Bashi ka ci, ko wata magana ka ji daga gida?"

Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce: "Kawu, makancewa zan yi, kamar Kaka." Sai hawaye. Ya kwashe labari duka ya faɗa.

Kawun, mai shekara 58, ya yi shiru. Can ya ce: "Wanga abu da kake faɗi, ni ma ina da shi. Nawa ya fi shekara 5, ga shi har yau ina zura zare a allura. Amma idona daban, naka daban. Ni tela ne, ban san cikin ido ba. Gobe da safe mu tafi wurin waɗanda suka sani."

A ƊAKIN MASU DUBA IDO

Daga Maurai zuwa Babban Asibitin Yamai babu nisa. Suka yi sammako, suka yanki tikiti, suka bi layi a ɓangaren ido.

Da farko an zaunar da shi gaban wani allo mai alamomi, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Wanda bai iya karatu ba kada ya ji kunyar zuwa. Akwai allo mai alama guda, mai kama da yatsu 3, mutum ya nuna da hannu inda yatsun suka fuskanta. Saurayin ya ga na sama, na ƙasa suka gagare shi.

Daga nan aka ɗiga masa wani magani mai buɗe baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido, wanda haske ke shiga ta cikinsa. Aka ce ya jira wajen rabin awa. Wannan magani yana sa gani ya yi hazo na ƴan awoyi, rana kuma ta riƙa kashe ido. Saboda haka yana da kyau mutum ya tafi da ɗan rakiya, kada kuma ya tuƙa babur a ranar. Bayan haka lokotoron ido ya haska fitila, ya leƙa har can bayan idon, ya sa shi ya dubi sama, ƙasa, dama da hagu. Irin wannan madubi na leƙa cikin ido, wani Bajamushe mai suna Helmholtz ne ya fito da shi a 1851. Kafin nan babu mai iya ganin bayan idon mai rai.

Da ya gama, lokotoro ya ce: "Ɗana, kwantar da hankalinka. Bayan idonka lafiya lau yake, babu yagewa, babu jini. Abin da kake gani gaskiya ne, ba mafarki kake ba, amma ba shi ne zai makantar da kai ba. Abin da ke gare ka shi ne ba ka ganin nesa sosai. Za a rubuta maka tabarau. Wannan kwalba ta tasha kuwa, ka jefar da ita yau."

Yaron ya ce: "To, ranka ya daɗe, kakana fa?"

Lokotoro ya tambayi yadda idon kakan yake. Aka ce gashin idonsa ne ya juya ciki yana soka masa, har gaban idon ya yi fari. Ya ce wannan amosanin ido ne. Ciwo ne da ake ɗauka ta hannu, da tsumma, da ƙudan gaske mai sauka bisa fuskar yara. Ba a gadonsa a jini, kuma babu abin da ya haɗa shi da ƙudan cikin ido.

MENE NE WANNAN ƘUDA?

Ƙwayar ido ba holoƙo ba ce. Cikinta cike yake da wani ruwa mai kauri, garai-garai, kamar farin ɗanyen ƙwai. Yawansa bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, amma shi ne ya cika mafi yawan cikin ƙwayar. Kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne tsantsa. Sauran wasu zarurruka ne sirara ƙwarai, waɗanda ke riƙe da shi.

A can bayan ido akwai wani tantani a shimfiɗe, kamar farin zanen da ake haska majigi a kai. Duk abin da mutum ya duba, hotonsa bisa wannan tantani yake sauka, daga nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa.

Da tafiyar shekaru ruwan nan yana tsinkewa, zarurrukan suna haɗuwa suna dunƙulewa. In haske ya shigo, sai ya bugi dunƙulen, inuwarsa ta faɗa bisa tantanin. Wannan inuwa ita ce mutum ke gani. Wani yana ganin ta kamar ƙuda, wani kamar zare, wani kamar zobe ko ƴar tsutsa. Faransawa ma ƙudaje masu tashi suke kiran abin, kuma sunan tsoho ne, daga harshen Latin ya fito. Ke nan mutane sun daɗe da saninsa.

Malamin aji yana iya nuna wannan da kwalba. A samu farar kwalba, a cika ta da ruwa, a saka ƴan zaren auduga. A girgiza, a riƙe ta gaban farin bango, a haska tocila ta baya. Za a ga inuwar zaren tana yawo bisa bango. In an tsai da kwalbar, zaren ya ci gaba da iyo kaɗan kafin ya kwanta. Haka abin yake cikin ido. Shi ya sa ƙudan ke bin ido duk inda ya juya, shi ya sa kuma yake gudu in an so a dube shi.

Ya fi fitowa in an dubi abu mai haske kuma bai ɗaya: sararin sama, farin bango, rairayi da tsakar rana, farar takarda, ko fuskar wayar hannu. Cikin haske ƙofar ido tana tsukewa, inuwa ta fito sosai. Cikin duhu kuwa abin yakan ɓace.

Mafi yawan masu ganin wannan ƙuda mutane ne da suka wuce shekara 50, lokacin da ruwan ke janyewa daga jikin tantanin baya. Amma matasa ma suna ganinsa, musamman waɗanda ba su ganin nesa. Tsawon ƙwayar idon babban mutum wajen milimita 24 ne. Ta marar ganin nesa takan fi haka tsawo, ruwan cikinta kuma yakan tsinke tun da ƙuruciya. Bugu a ido da kumburin cikin ido su ma suna kawo shi.

MAKIYAYIN DA YA YI JINKIRI

A layin asibitin nan akwai wani makiyayi matashi, daga wajen Filinge. Labarinsa ya bambanta, kuma dole a ji shi.

Wata 4 kafin nan, yana ɗaure wani bijimi, igiya ta kuɓuce ta zabge shi a idon dama. Ido ya kumbura, ya sace. Bayan ƴan makonni ya fara ganin walƙiya a gefen idon, alhali babu hadari. Wata safiya kuma sai ga baƙaƙen ɗigo da yawa lokaci guda, kamar an watsa kunkunniya. Tun da babu zafi, ya ce a bari sai an dawo daga mashekari. Sannu a hankali wani duhu ya taso daga gefe kamar ana jan labule, har ya rufe tsakiya. Da ya iso Yamai, aka tarar tantanin bayan idon ya yage, ya ɓamɓare, ya daɗe a haka. Lokotoro ya ce da wuya ganin wannan ido ya dawo.

Abin da ya faru shi ne, ruwan cikin ido ya ja tantanin har ya yaga shi. Ruwa ya bi ta yagewar ya shiga baya, ya ɗaga shi, kamar yadda ruwan sama ke shiga bayan yaɓe ya ɓamɓare shi daga bango. Da ya zo tun ranar walƙiya, da an like yagewar da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza, ba tare da yanka ba. Wannan tantani ba ya jin zafi. Saboda haka rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne.

Ga alamomi 4 da ba a kwana da su:

1. Ƙudaje sababbi da yawa sun bayyana farat ɗaya.
2. Ana ganin walƙiya ko tartsatsi cikin ido.
3. Duhu kamar labule ya taso daga sama, ƙasa ko gefe.
4. Gani ya ragu nan take, ko ya yi kamar hayaƙi ko jini ya shiga.

Duk wanda ya ga ɗaya cikin waɗannan, ya bar garma, ya ba wani amanar dabbobi, ya nemi asibitin ido a ranar ko washegari. Cikin mutum 10 da ƙudaje da walƙiya suka zo musu farat ɗaya, akan samu wajen mutum 1 da tantaninsa ya yage. Babu mai iya sanin ko shi ne, sai an leƙa.

Akwai kuma waɗanda ya kamata su fi kowa kula. Mai ciwon sukari, da mai hawan jini, da mai amosanin jini, wanda ake kira emasi ko sikila. Waɗannan cututtuka suna ɓata ƙananan jijiyoyin bayan ido, har jini ya zuba cikin ruwan. Emasi yakan yi wa matasa haka, har waɗanda ciwon bai cika kwantar da su ba. Irin waɗannan su kai ido a duba kowace shekara, ko ba su ga komai ba.

GARIN NEMAN GIRA

Babu maganin ɗigawa da ke narkar da ƙudan cikin ido. Babu kwalli, babu sassaƙe, babu turare. Duk abin da aka zuba, gaban ido yake tsayawa, ƙudan kuwa yana can ciki. Wasu magungunan ɗigawa da ake saya ba da takardar lokotoro ba suna ta da ƙarfin ruwan ido, su kashe jijiyar gani a ɓoye. Fitsari, ruwan ganye da nonon tumfafiya suna ƙona gaban ido. Masu yawo suna soka ido da tsinke don kau da yana sun makantar da mutane da yawa. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido.

Akwai aikin tiyata na zuƙe ruwan cikin ido a sa wani a madadinsa. Wani lokotoro mai suna Robert Machemer ne ya fara shi a birnin Miyami na Amurka a 1970. Aiki ne mai amfani ga wanda jini ya cika masa ido, ko wanda tantaninsa ya ɓamɓare. Amma yana da haɗari. Yakan gaggauta zuwan yanar ido, wani lokaci ya yaga tantanin. Shi ya sa masana ba su cika yi wa lafiyayyen ido wannan aiki don ƙuda 2 ko 3 ba.

CIWON YA KOMA ZUCIYA

Saurayin Maurai ya dawo gida da murna. Amma bayan kwana 3 waswasi ya sake kama shi. Yana cewa, ko dai lokotoro bai duba da kyau ba? Ko ya ɓoye masa gaskiya ne don tausayi? Ya koma ƙidayar asuba.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Ido ya samu shaida, amma zuciyar da ta yi wata guda cikin fargaba ba ta saki a rana ɗaya. Kuma yawan dubawa shi ke ciyar da fargabar. Ƙwaƙwalwa tana da hali guda: abin da mutum ya ɗauka haɗari ne, shi take sa masa a gaba kullum. Abin da ya ɗauka ba komai ba ne, sai ta ture shi gefe. Wanda gidansa ke kusa da injin niƙa, makon farko ba ya barci. Bayan ƴan watanni sai baƙo ya yi maganar ƙara kafin ya tuna da injin. Kowa idonsa na ganin hancinsa dare da rana, amma ba mai lura da shi. An ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Kawun ya lura. Bai yi masa faɗa ba, bai yi masa dariya ba. Ya ce: "Ɗana, mu yi yarjejeniya. Ranar Juma'a kaɗai za ka gwada idonka. Ka rufe ɗaya ka dubi ƙofar shago, ka rufe ɗayan ka duba. In babu labule, babu walƙiya, magana ta ƙare sai wata Juma'a. In ka ga ɗaya daga cikinsu, ko tsakar dare ne ka tashe ni."

Ya kuma juya masa keken ɗinki, ya daina fuskantar hasken titi. Makonnin farko ya riƙa ba shi yadi mai launi, ya bar wa kansa farare. Da tabarau suka iso, wato luleti, yaron ya ga rubutun kantin da ke tsallaken titi, wanda a da sai ya matsa kusa. Ya gane ashe ganinsa ƙaruwa ma ya yi.

Komawa aji ita ta fi yi masa wuya. Daren farko ƙudan ya yi ta yawo bisa takarda. Ya daure ya gama shafin. An koya masa dabara: in abin ya tsaya bisa harafi, ya ɗaga ido sama, ya sauke ƙasa, sau biyu ko uku, ruwan ya motsa, ƙudan ya kauce. Da aka tashi ya gaya wa ƴan ajin abin da ya hana shi zuwa. Sai ga mutum 3 sun ce su ma suna gani. Ɗaya ya ce shekara 2 ke nan yana zaton aljani ne ke binsa, bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba.

Abu na ƙarshe, ya kira mahaifinsa a waya, ya faɗa masa komai, har da jika 15 ɗin da suka salwanta. Uban ya yi faɗa bisa kuɗin. Daga baya ya je da kansa gidan surukai ya yi bayani, kafin ƴan tsegumi su kai nasu.

SHAWARA GA MAI GANIN ƘUDA

1. Ya je a duba bayan idonsa sau ɗaya, a wurin masu ido. Ba a samun kwanciyar hankali da zato.
2. Ya haddace alamomin nan 4. In babu su, ya ci gaba da aikinsa.
3. Ya daina farautar ƙudan. Kada ya riƙa duban sama ko farin bango don ƙidaya.
4. Cikin rana ya sa malfa ko baƙin tabarau. Karatu kuma a inuwa.
5. Kada ya ɓuya a ɗaki. Zaman kaɗaici yana ƙara tunani. Gona, kiwo, aji da hira su ne ke ɗauke hankali.
6. Ya faɗa wa wani da ya yarda da shi.
7. Ya yi addu'a, ya kuma je asibiti. Ɗaya ba ta hana ɗaya.
8. In an yi makonni barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, ko ya ji duniya ta ishe shi, ya koma ya gaya wa ma'aikacin lafiya. Damuwa ita ma ciwo ce, kuma ana taimakon mai ita.

Iyaye da abokai su ma da nasu aiki. Kada a ce wa yaro ƙarya yake, ko ragwanci ne, don ba a ga komai a idonsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada kuma a cika masa kunne da zancen sammu. A raka shi asibiti, a tuna masa abin da aka ce.

INA ZA A JE?

Mutumin ƙauye ya fara da likitar garinsu, wato CSI. Ma'aikacin wurin zai gwada jini da sukari, ya ba da takardar zuwa gaba. Leƙa bayan ido kuwa sai inda akwai ɓangaren ido. A Yamai akwai Babban Asibiti da asibitin ido na Makka. Manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa su ma suna da masu duba ido. In alamar gaggawa ce, a faɗa tun daga bakin ƙofa, kada a zauna shiru a ƙarshen layi.

Makanta abin tsoro ce, amma ba kowace makanta ce ta gagari mutane ba. A 1974 aka fara yaƙi da makantar kogi a ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijar. Ciwo ne da wani ƙaramin baƙin ƙuda na bakin ruwa ke yaɗawa, wanda ya kori mutane daga gonaki masu albarka. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da yaɗuwar wannan ciwo, ita ce ta farko a Afirka. Yanar ido ana cire ta a asibiti, mutum ya sake gani. Amosanin ido, wanda ya makantar da kakan yaron nan, ana tare shi da wanke fuskar yara, da tsabtar gida, da magani, da ɗan aiki a fatar ido in gashi ya juya.

Saurayin ya koma ƙauye kafin ruwan farko. An ɗaura aure bayan girbi, ya ɗan yi jinkiri saboda kuɗin da ya ɓata. Ƙudajen suna nan, ba su tafi ba. In ya ɗaga kai yana duban hadari yakan gan su, sai ya mai da ido bisa kunya ya ci gaba da shuka. Wani lokaci sai ya yi mako bai tuna da su ba. Ranar Juma'a yana gwajinsa, shekara kuma in ta zagayo zai koma a sake leƙa idon, kamar yadda aka umarce shi.

A tattauna wannan magana a cikin aji. Wa ke ganin irin wannan ƙuda? Wa zai iya faɗin alamomin nan 4 ba tare da duba jarida ba? A watan gobe filin lafiya zai yi magana bisa dundumi, da abincin da ke tsare yara da mata masu ciki daga gare shi. Allah ya ba da lafiya, ya sa a yi damana mai albarka.